Magdalene Odundo: maginiyar tukwane ce ko mai sassaƙa?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Na ga hotunan ayyukan Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya mazauniyar Ingila, sai abubuwa biyu suka ɗaure mini kai. Ta yaya tukwanenta suke ƙyalli haka alhali an ce ba ta shafa musu ruwan gilashi? Sannan me ya sa gidajen adana kayan fasaha suke lissafa su cikin sassaƙe-sassaƙe, bayan kuwa kowanne yana da baki da wuya da ciki irin na tulu?

Malamin Fasaha:
Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tambayarki ta farko tana komawa Najeriya. An haifi Odundo a Nairobi a 1950, ta tafi Ingila a 1971, kuma a 1974 ta zo cibiyar koyar da ginin tukwane da maginin tukwane ɗan Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda ta koyi gini da hannu a wurin matan Gbagyi, ciki har da Ladi Kwali wadda hotonta yake bayan takardar naira 20.

Ba ta ɗora yumɓu a kan faifai mai juyawa. Tana murza shi ne, ta ɗora zobe kan zobe, tana jan bangon sama tana kankare shi har ya yi siriri. Idan ya fara ƙamewa sai ta goge shi da tsakuwa mai santsi, ta shafa masa tataccen ruwan yumɓu, ta sake gogewa. Gugar nan ce take danne ƙwayoyin yumɓun su kwanta, kuma daga nan ƙyallin yake fitowa. Launin kuwa aikin wuta ne: idan an gasa tukunyar da wadatacciyar iska, ƙarfen da ke cikin yumɓun yakan mai da ita ja mai ratsin ruwan goro, idan kuma aka sake gasa ta a rufe cikin hayaƙi, inda iska ta yi ƙaranci, sai ta koma baƙa. Wannan ne matakin da ba ta da cikakken iko a kansa, domin sai an buɗe ake sanin inda hayaƙin ya kama.

Tsohuwar Maginiya:
Malam ya yi bayani, sai dai ni ban gamsu da raba tukunya da sassaƙa ba. Randunan Ladi Kwali masu zanen ƙadangare da kifi da kunama sun shiga manyan ɗakunan baje koli na Landan tun kafin Odundo ta fara aiki, kuma siffarsu ta randar ruwa ce. A ganina wurin da aka ajiye abu ne yake sauya masa suna.

Malamin Fasaha:
Hajiya, akwai gaskiya a maganarki, amma akwai bambanci a niyyar gini. Odundo ba ta yin la'akari da ko tukunyar za ta riƙe ruwa. Jikin ɗan Adam take kallo. Za ki ga cikin tukunyar ya turo kamar na mai juna biyu, wuyan ya karkata gefe guda, an kafa ɗan tsiro kamar cibiya ko jerin ƙashin baya, bakin kuma ya buɗe kamar adon kan matan Mangbetu na Kwango. Guda ɗaya kan ci watanni, shi ya sa abin da take gamawa a shekara bai da yawa. A baje kolinta na gidan fasaha na Hepworth Wakefield da ke Ingila a 2019 ta jera ayyukanta tare da tukwanen Girka na dā da na Ladi Kwali, domin mai kallo ya ga inda ta ɗebo kowace siffa.

Ɗalibar Zane:
Na gode ƙwarai. Hajiya, ko za ki bayyana mana daidai lokacin da ya kamata a fara gugar, kafin yumɓun ya bushe ya ƙi karɓa?