Shago a Maraɗi bayan fitar Nijar daga ECOWAS: in zuba kuɗina ko in dakata?

Mai Roba Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Robobi nake sayarwa, bokitai da kujeru da kuloli, daga Kano nake sarowa. Kawuna da ke zaune a Maraɗi ya samo mini shago kusa da babbar kasuwa, amma mai shagon ya ce sai kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, kuma da sefa. Kafin in haɗa kuɗin haya da na kaya sai na sayar da filina, shi kaɗai na mallaka. Abin da ya tsayar da ni shi ne fitar Nijar daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ɗan Najeriya zai iya zama ya buɗe shago da katin ɗan ƙasa kawai, ko sai fasfo da takardar zama? Kayan da aka ƙera a Najeriya, ana biya musu duwan, wato kuɗin kwastan, yanzu? Don Allah ba siyasa nake tambaya ba. Zuwa ƙarshen wata aka ba ni.

Badamagare:
Wa alaikumus salam. Taho abinka ɗan'uwa, ƙasarku ce. Mu da CEDEAO, wato ECOWAS, muka rabu, ba da ku ba. Ƙungiyar da ta rufe mana iyaka, aka yanke mana wuta, magani ya yi wuya a asibitoci, har ana shirin turo mana soja, me za mu zauna yi a cikinta? Ran 28 ga Janairun 2024 da aka sanar da fita, a unguwarmu murna aka yi.

Uwar Marayu:
Ka yi istihara tukuna. Kuma fili ba abin saurin sayarwa ba ne, ɗana.

Malam Na Tsangayar Shari'a:
Ga abin da ke rubuce. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da fita a Janairun 2024, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen ukun masu tambarinta, su bar su su shiga ba biza, kayansu kuma a bi da su kamar da, har sai an sake sanarwa. Su ma ƙasashen ukun, da suka kafa ƙawancensu mai suna AES, tun Disambar 2024 suka ce 'yan ECOWAS ba sa bukatar biza. Sai dai a Maris 2025 sun sa harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigo musu da su daga waje. Nijar kuma har yanzu da sefa take aiki, ba ta bar UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa.

Tsohon Falke:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma takarda ba ta taɓa tsallakar da buhu ko ɗaya ba. Yaro, saurare ni. Na fi shekara ashirin ina kai kaya Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa. A ƙarshen Yulin 2023 na loda mota da fulawa da man gyaɗa da taliya, fiye da rabi bashi ne na ɗauko a Kano bisa amana. Muna hanya aka ce an rufe iyaka saboda juyin mulkin da aka yi wa shugaban Nijar Bazoum. Muka ce ai kwana biyu ne za a buɗe. Motoci suka yi layi, ga damina. Tamfol ya yage, ruwa ya shiga, fulawa ta dunƙule ta fara wari. Direba kullum sai na ba shi na abinci, mai mota yana lissafa mini kuɗin tsayuwa.

Sai wani dillali ya zo ya ce zai tsallakar mini da man gyaɗan a kan babura ta daji, in biya rabi, in sun isa in cika. Na biya. Daga ranar ban ƙara ganin sa ba, ban ƙara ganin jarka ɗaya ba. Wa zan kai wa ƙara, alhali hanyar da na bi ba ta halal ba ce a idon hukuma? Masu kaya a Kano suka yi haƙuri har suka gaji. Gidan da na gada a wurin mahaifina shi na sayar na biya su. Yanzu haya nake da mata biyu da 'ya'ya. Lokacin da aka janye takunkumi a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, ni ba ni da ko kwali ɗaya da zan tsallaka da shi.

Kuma ka sani, duk wannan ya faru Nijar tana cikin ECOWAS. Haka rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, ita ma kowa yana ciki aka yi ta. To yanzu da ba wata igiya da ta ɗaure su, me zai hana gobe ka wayi gari ka ji an rufe, kai kana can, iyalinka suna nan?

Uwar Marayu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji.

Direban Dawanau:
Baba Falke, wallahi ina cikin layin nan. Na ga dattijo yana kuka a gindin mota. Allah ya isar mana.

Badamagare:
Allah ya musanya, Baba. Amma ka ga abin da nake faɗa ke nan. Wa ya rufe? Ba mu ba.

Tsohon Falke:
Ɗana, ranar da aka buɗe ta wannan gefen, naku gefen bai buɗe ba sai da aka ƙara kwanaki. Ta Gaya da Malanbil kuwa, iyakarku da Benin, ku kuka bar ta a rufe bayan an janye takunkumi. Talakan nan da na can duk ɗaya aka yi musu.

Mai Roba Katsina:
Baba, na tausaya ƙwarai, Allah ya buɗa maka. Sai dai ni roba ce, ba ta ruɓewa. Maganar takardar zama fa, akwai wanda ya yi ta?

Hajiyar Ƙonni:
Ni kowane mako ina shiga Illela in dawo. Mu na bakin iyaka an san huskokinmu, ba a tambayar mu komai. Amma tun farkon 2025 na sha ganin an sauke 'yan Najeriya daga mota an ce katin ECOWAS bai yi ba, sai fasfo. Ka yi fasfonka kawai ka huta, naira 50,000 ne.

Direban Dawanau:
Hajiya, wannan tsohon farashi ne. Tun Satumbar 2025 ƙaramin ya koma 100,000, mai shekara goma 200,000.

Hajiyar Ƙonni:
Ɗiyata ta yi nata 50,000, ni na biya da hannuna.

Ɗan Canji:
Ku bar maganar fasfo, canji ne zai ci shi ko ya ɗaga shi. Jika guda ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, yau naira 2,600 muke bayarwa. Robar Kano in ta shiga Maraɗi araha take a idonsu, shi ya sa 'yan Nijar suke cika kasuwannin Kwari da Singa a Kano.

Badamagare:
2,600 a ina? Jiya ƙanena ya canza 2,400 a Maigatari.

Ɗan Canji:
An cuce shi, ko kuma saye da sayarwa kake haɗawa.

Bakano Zalla:
Mai Roba, in ka je ka taimaka ka kai wa Damagarawa kujeru da yawa. Tunda sun fita daga ƙungiya, sai su samu abin zama a waje.

Badamagare:
Ji Bakano! Ku da in ba dabinonmu da ragunanmu, azumi da layya sai dai ku ji labari.

Malam Na Tsangayar Shari'a:
Mu koma kan tambaya. A Janairun 2025 Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shigar baƙi da zamansu. Ko a ƙa'idar ECOWAS ta 1979 ma, kwana 90 ne mutum ke yi ba biza, zama na dindindin da buɗe kasuwanci maganarsu daban. Shawarata kawunka ya je ofishin da ke kula da baƙi a Maraɗi ya tambaya kafin a biya ko sisi.

Direban Dawanau:
Malam, da girmanka, yaushe rabonka da iyakar Magama ta Jibiya? Daga Abuja kake karanto mana sanarwa. Wanda ke shinge da ƙarfe biyun dare bai san wata 1979 ba.

Malam Na Tsangayar Shari'a:
Ba a Abuja nake ba. Kuma kai wucewa kake yi, shi zama zai yi. Ranar da aka zo rufe masa shago, doka za a karanta masa, ba labarin tasha ba.

Hajiyar Ƙonni:
Ku duka baƙi ne a maganar nan. Mu da muke kwana muna tashi a nan ya kamata a tambaya. Yarbawa da Inyamurai na nan da shagunansu a Ƙonni, ban ga an kori kowa ba.

Tsohon Falke:
Ni ma ba a kore ni ba, Hajiya. Jiki magayi.

Mai Wake:
Ni abin da ya fi ƙona mini rai ba fitar ba ce. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, gero da dawa da wake da sauransu, sai zuwa Mali da Burkina kawai. Ni da nake sayen wake a ƙauyukan Tasawa in kawo kasuwar Dawanau a Kano, sana'ata ta tsaya cak. Manoman da nake saye a wurinsu su ma kira na suke, wake ya yi musu kwantai. Kafin babbar sallar 2025 kuma aka hana fitar da dabbobi. In Mai Roba ya sayar da robarsa, me zai saro ya dawo da shi? Mota za ta komo wayam.

Badamagare:
An yi haka ne don talakanmu ya ci ya ƙoshi, ya kuma samu ragon layya. Ku da kuka cire tallafin mai a 2023, kun tambaye mu? Mu ma mun ji a jikinmu.

Direban Dawanau:
Ku bar ta Nijar ma. Tsakanin Katsina da Jibiya tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ku ƙirga shingayen da ke kai. Kowane shinge da kakinsa daban, kowa da hannunsa a miƙe. Wani katako ne kawai da ƙusoshi, ba ka ma san na wace hukuma ba ne. Abin da nake rabarwa kafin in ga iyaka ya fi abin da nake biya bayan na tsallaka.

Hajiyar Ƙonni:
Ta Sakkwato zuwa Illela ma haka take. Ko buhun albasa ɗaya ka ɗauko sai an taɓa shi an ce a ba da na ruwa.

Mai Roba Katsina:
To nawa zan ware wa mota ɗaya ta roba daga Kano zuwa Maraɗi, har da na hanya?

Mai Wake:
Ya danganta da wanda ka samu a bakin aiki. Ni akwai shingen da in na ba da 500 ake ɗaga mini katako.

Direban Dawanau:
500? Ƙaramar mota ke nan. Mu masu manya ko kallon dubu ɗaya ba sa yi, sai su ce ka faka gefe a sauke kaya a duba. Ranar Lahadin da ta wuce, kasuwar Jibiya, sai da wani ya karɓe mini takardun mota ya sa a aljihu ya tafi sallah. Da 'yan bindiga suka tare hanyar nan kwanakin baya, ina masu shingen suke?