Neman taimako kan sabunta mahaɗan takardun Qt game da sigina da silot

Assalamu alaikum. Ina kula da wani jagora da muke koyar da ɗalibai Qt (wani kayan aikin gina manhajoji) da shi, kuma babin da ya yi bayanin yadda sigina ke isar da saƙo zuwa silot (hanyar da sassan manhaja ke sadarwa da juna a Qt) cike yake da mahaɗai na zamanin Qt 4, wasu ma suna nuni ga tsohon adireshin Trolltech da na Nokia, kamfanonin da suka mallaki Qt a da. Na mayar da su doc.qt.io, shafin takardun Qt na yanzu, sai dai matsalar ba ta tsaya ga adireshi ba. Misalanmu suna amfani da SIGNAL() da SLOT(), alhali shafin Qt 6 ya fi ba da ƙarfi ga salon connect() da ya zo da Qt 5 a 2012, wanda ake gano kuskurensa tun lokacin harhaɗa lamba (compile), kafin a kunna manhajar. Haka kuma siginar currentIndexChanged ta QComboBox (akwatin zaɓi daga jeri) mai ɗauke da QString (wato rubutu) babu ita a Qt 6, don haka mahaɗinta yana buɗe shafin ne kawai, ba ya kaiwa ga bayanin siginar.

Shin ya fi dacewa in jingina mahaɗan ga rumbun takardun Qt 4.8, ko in sake rubuta misalan gaba ɗaya? Kuma akwai manhajar da ke tantance sashen da ke bayan alamar # a mahaɗi, ba shafin kaɗai ba?