Kun taɓa tsallaka boda da kayan da kuka sarrafa da hannunku?

Mai haɗa garin kunu, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina haɗa garin kunun tsamiya da yajin daddawa a leda mai hatimi. Yanzu ana nema daga Maraɗi, har wata mai shago a zangon Kumasi ta aiko. An ce akwai tsarin ECOWAS da ake kira ETLS, wanda ya yafe kuɗin kwastan a kan kayan da aka yi a ƙasashen ƙungiyar. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni labari.

Mai fataucin albasa, Illela:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amfanin gona da dabbobi da aikin hannu ba sa buƙatar takardar shaidar asalin kaya. To amma hanya ba ta karanta takarda. A kowane shinge sai an ba da na goro, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Da Najeriya ta rufe boda a Agustan 2019, ina tsaye ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashin motata. Kwana biyu aka yi ana tsince ruɓaɓɓiya. Sai Disambar 2020 aka buɗe, lokacin jarina ya karye.

Mai sabulun man kaɗe, Kano:
Ƙanwata, naki daban ne da na Alhaji. Da zarar kin niƙa kin zuba a leda kin buga suna, kayanki sun zama na masana'anta. Sai kin yi rajistar kamfani, an amince da kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan a ba ki takardar. Na yi ta zarya har takalmina ya suɗe, yau a ce a kawo lissafin kuɗin da na kashe, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Abin da ke ci min rai ke nan: wai don a ƙarfafa masu ƙirƙira aka yi tsarin, amma mai ɗanyen kaya ya fi mu sauƙi, babban kamfani kuma yana da lauyoyinsa. Ga batun biya. Tun 2022 aka ƙaddamar da PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka, a Accra don mai saye ya biya da sidi, kuɗin Ghana, ni in karɓi naira, amma da na tambaya a bankina sai yarinyar ta tsaya tana kallona. Har yau ta hannun 'yan canji nake karɓa.

Direban tirela, Maraɗi:
Hajiya, kar ki haɗa mu da Kumasi. Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, kodayake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kaya da fasfo kamar da, har sai an sake shawara. Kafin ki ɗora kaya ki kira wanda ya bi ta Jibiya a makon nan.

Mai haɗa garin kunu, Katsina:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya mai sabulu, zan biyo ki ta waya ki nuna min inda zan fara da rajistar.