Furotin ɗin ajiya ya ƙi taruwa a 'yan tayin bishiyar Picea abies, ina matsalar take?

Assalamu alaikum malamaina. Ina karatu a Suwidin, ina rainon 'yan tayin Picea abies (wata bishiya mai ganye kamar allura ta ƙasashen Turai masu sanyi) a kwanon gwaji. Mako 6 ke nan suna kan sinadarin ABA (abscisic acid, mai sa ɗan tayin tsiro ya nuna), sun fitar da kunnuwan ganye, farare tas, gwanin sha'awa. Amma da na gwada furotin ɗinsu da SDS-PAGE (gwajin da ke rarraba furotin layi-layi bisa girmansu, a rina su da shuɗi), layukan legumin da vicilin, wato furotin ɗin da iri ke ajiyewa a matsayin abinci, dishi-dishi suka fito, alhali na irin da na ɓare daga bishiya shuɗi ne shar.

Na ƙara sinadarin PEG 4000 don rage musu ruwa, abin ya ɗan motsa kaɗan, sai ya tsaya. Shin ABA ɗin ne bai isa ba, ko ruwan da nake tatsar furotin da shi ne ba ya narkar da legumin, tunda ba ya narkewa sai da SDS (sinadari mai kama da sabulu) ko yuriya? Wallahi abin ya hana ni barci. Don Allah a taimaka min.