RAM ɗin da zram ke ci, a wuyan wa yake?

Ɗan Kano a Jidda:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wata saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) ta Linux da nake kula da ita a wajen aiki, RAM giga 16, na kunna mata zram, wato abin da ke matse bayanai ya ajiye su cikin RAM maimakon a tura su faifai. Kowace kwantena (keɓaɓɓen wurin da manhaja ke gudana a cikin sabar) na sa mata iyakar RAM da memory.max, in na tara duka ba su kai giga 10 ba, amma umarnin free na nuna RAM ya kusa cika, jiya da daddare har kenel, wato zuciyar Linux, ya kashe mana rumbun bayanai ana tsaka da aiki. Don Allah wa ya taɓa cin karo da wannan?

Injiniya a Riyad:
Wa alaikumus salam ya akhi, ni ma ya wahalar da ni wallahi. Buga umarnin zramctl ka duba layin TOTAL, shi ke nuna RAM ɗin da zram ya ci. Shafin RAM (guntu mai girman 4KB) da aka matse yana fita daga lissafin kwantenar, memory.swap.current, mai ƙirga suwaf (wurin da ake tura bayanai in RAM ya cika), ya ƙirga shi 4KB cikakke kamar a faifai yake kwance, alhali yana nan cikin RAM, kuma ba a rubuta shi a sunan kowa ba. Kwantena ɗaya mai haɗama sai ta yi ta turawa, sauran su sha wuya, kamar gidan haya mai mitar wuta ɗaya.

Ɗalibi a Madina:
Malam, mu zswap muka koma, shi ma matse bayanai yake cikin RAM amma kafin a tura su faifai. Tun kenel 5.19 na 2022 aka sa memory.zswap.current da memory.zswap.max, kowace kwantena abin da ta matse ita za a cajawa. Sai dai fa yana buƙatar suwaf na gaske a faifai, kuma kaso 20 na RAM ne iyakarsa in ba ka taɓa max_pool_percent ba.

Hajiya daga Makka:
Ni a laftof ɗina Linux ɗin Fedora nake amfani da shi, zram suke kunnawa da kansu tun Fedora 33 a 2020, ban taɓa kuka da shi ba don ni kaɗai ce a kai. Amma ɗan uwa ka lura, bayanan da aka rufe da sirri ko bidiyo ba sa matsuwa, wuri kawai suke ci. Kafin ka sauya komai sa wa kowace kwantena iyakar suwaf da memory.swap.max.

Ɗan Kano a Jidda:
Allah ya saka da alheri. Na duba, TOTAL ya haura giga 4. Na sa iyakar da Hajiya ta ce, zswap kuma ranar Juma'a in sha Allah, tunda ba aiki.