Muhawara: wai cin wiwi a man shanu ya fi zuƙarta sauƙin illa?

Kabiru: Jama'a ku raba mu gardama ni da wani abokina. Ya dage cewa a ƙasashen da aka halatta tabar wiwi mutane da yawa sun bar zuƙa, sun koma narka ta a man shanu a gida suna yin kek da biskit. Wai tunda babu hayaƙi, babu cutarwa. Na rasa abin da zan ce masa, don maganar huhu ai ba ƙarya ba ce.

Malam Nura: Ina bayan abokinka. Duk ganyen da aka ƙona aka zuƙa, kwalta da dattin hayaƙi ne ke shiga ƙirji, shi ya sa masu yawan zuƙa ba sa rabuwa da tari da majina. Wanda ya ci ya tsallake wannan. Ban ce abu ne mai kyau ba, amma ko cikin cuta akwai wadda ta fi wata sauƙi.

Anti Bilki: Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Mai zuƙa, sinadarin THC, wato abin da ke bugarwa a cikin wiwi, daga huhu yake faɗawa jini, cikin 'yan mintoci ya ji ta a kansa, in ta ishe shi ya ajiye. Mai ci kuwa sai ta sauka ciki, ta bi hanji, ta je hanta, hantar ta mai da wani kasonta wani sinadari daban mai suna 11-hydroxy-THC, shi ma mai bugarwa ƙwarai. Kafin ya fara jin komai ana ɗaukar minti 30 zuwa awa 2, ƙarfinta na iya kaiwa ƙololuwa sai bayan awa 4, kuma ta iya riƙe mutum har awa 12. Ga inda ake faɗawa rami: ya ci yanka ɗaya, ya zauna minti arba'in shiru, ya ce ai wannan ba ta da ƙarfi, ya ƙara na biyu. Sai su iso masa tare. Abin da ya riga ya wuce maƙogwaro kuma ba ya dawowa.

Malam Nura: Wannan ai laifin gajen haƙuri ne, Anti, ba laifin hanyar ba. Kanada da ta buɗe sayar da irin waɗannan kayan ci a ƙarshen 2019 ta ƙayyade miligiram 10 na THC a kowane ƙunshi. A jihar Kolorado ta Amurka ma miligiram 10 ne rabon ci ɗaya. Mutum ya san abin da ya haɗiye.

Sadiq: Allah ya gafarta Malam, ka sauya mana tambaya. Kabiru na gida ya tambaya, kai kana kawo na kamfani mai awon ɗakin gwaji. Mu yi lissafi. Giram ɗaya na furen wiwi mai kashi 20 cikin 100 na THC yana ɗauke da miligiram 200 kenan, ninki ashirin na ƙunshin Kanada ɗin nan. Giram ɗaya fa. To a kicin wa ya san nawa ne ya shiga man, nawa ya rage a ganyen? Kuma ba ya rabuwa daidai a ƙullu. Yankan gefe na iya zama kamar babu komai, na tsakiya ya kai ƙato ƙasa.

Yaya Auwal: Bari in ba ku labarin da ba na son bayarwa. Ina karatu a waje, a inda doka ta yarda da ita, muna haɗa firiji da wani ɗalibi. Wata safiya nawa man ya ƙare, na ga wata 'yar roba babu rubutu a jiki. Man ya yi kore-kore, yana ɗan warin busasshiyar ciyawa, na ɗauka irin mai kayan ƙamshin nan ne. Na lafta a burodi yanka biyu, na sha shayi, na tafi aji. Lacca ta yi nisa sai na ji harshena ya bushe ƙamas, zuciyata na duka kamar ganga. Na kalli agogon bango, na rantse hannunsa ya tsaya. Malamin na magana, ina jin kowace kalma amma kafin ya kai ƙarshen jimla na manta farkonta. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ban san me na ci ba, na ɗauka ciwon zuciya ne ajali ya zo. A asibiti likita ya ce babu wani maganin da ke karya wiwin da ke cikin man nan, sai dai a sa mini ido har ta sake ni. Washegari da rana ma ƙafafuna ba su gama zama nawa ba.

Kabiru: Yi haƙuri Yaya, wallahi dariya ta ƙwace mini. Yanka biyu!

Anti Bilki: Kai kana dariya don babba ne ya ci. Ka sa yaro ɗan shekara uku a gaban firijin nan. A Amurka, rahoton yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci irin waɗannan kayan ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021, kusan duka a cikin gida abin ya faru. Yaro ba firgita kawai yake yi ba, barci mai nauyi yake shiga, wani numfashinsa ya ragu. Akwai kuma binciken wani babban asibiti a Kolorado da ya fito a 2019: kayan ci ba su kai kashi 1 cikin 100 na THC da aka sayar a jihar ba, amma su ne kusan kashi 10 cikin 100 na masu zuwa sashen gaggawa saboda wiwi. Kuma an fi ganin ruɗewar tunani da matsalar bugun zuciya a cikinsu fiye da masu zuƙa.

Malam Nura: To ai ko farasitamol aka bari a sake yaro zai iya sha. Sannan likitoci da kansu ta baki suke bayarwa. Tun 1985 Amurka ta amince da dronabinol, wato THC a cikin man riɗi a ƙwanso, ga masu cutar kansa da maganinsu ke sa su amai. Me ya sa ba su ce a zuƙa ba?

Anti Bilki: Ka kawo mini hujja da hannunka, Malam. Ƙaramin ƙwanson nan miligiram 2.5 ne, an auna, likita ya rubuta, an san mai sha. Kuma farasitamol ba ya kama da kek mai cakulan, ba ya ƙamshi a kan tebur.

Musty: Ku bar dogon turanci, ya ake haɗawar ne?

Sadiq: Ka yi ɓatan kai, ɗan'uwa, ba darasin girki muke ba. Kuma a yawancin ƙasashen duniya robar man nan da ƙullin ganyen duk laifi ne a gaban alƙali.

Malam Nura: Na yarda na gida ba shi da ma'auni, wannan Sadiq ya kama ni. Amma ban janye maganar huhu ba. Wanda ya shekara ashirin yana zuƙa da wanda ya shekara ashirin yana ci, a ɗauki hoton ƙirjinsu a gani.

Anti Bilki: A ɗauki na ƙirji, ba musu. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ruwanta da ta ƙofar da THC ya shigo. Kamuwa da jaraba, raunin tunawa, haɗarin taɓin hankali ga matashi ko wanda ake da ciwon a danginsa, duk suna nan ko an ci ko an zuƙa.

Kabiru: Na tura masa duka. Ya ce shi ya san gwargwadonsa. Yaya Auwal, ya kuka ƙare da mai robar?

Yaya Auwal: Ya ba ni haƙuri har da ƙwalla, ya sayo jan alƙalami ya zana ƙaton gicciye a murfin. Daga baya kuma ya zo yana sosa ƙeya, wai abin da na lafta a burodin nan rabonsa ne na sati guda.