Iska nawa ya kamata a sa wa tayar mota, kuma maganar wa zan bi?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010 wadda na saya ta hannu, kuma a makon jiya na kai ta wani gareji aka sauya mata tayoyin gaba. Yaron da ya ɗaura su ya ba su iska har 45, ya ce haka ake sa wa kowace ƙaramar mota domin ta rage shan mai. Tun daga ranar motar take tsalle a kan ƙananan ramuka, sitiyarin kuma ya yi sakayau a hannuna. Na tsaya wajen mai faci a unguwarmu, shi kuma ya ɗora gejinsa ya ce 38 ya gani, babu wata matsala. Zan tafi Kaduna daga Kano da iyalina, hankalina kuwa bai kwanta ba. Nawa ne daidai, kuma a cikin mutanen nan biyu wa zan gaskata?

Bakanike daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya ba ka amsa. Ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da ƙofar take rufuwa a kansa, za ka ga wata 'yar takarda a manne mai ɗauke da girman taya da adadin iskar gaba da ta baya. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI, saboda haka 45 ya yi yawa ƙwarai.

Inda yaran gareji suke samo irin wannan lamba shi ne jikin tayar, domin a can ana rubuta 44 ko 51. Wannan kuwa iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, kuma taya iri ɗaya ana ɗaura ta a kan motoci masu nauyi daban-daban, don haka mai ƙera ta bai san wace mota za ta hau ba. Idan iska ta yi yawa, tsakiyar tayar ce kaɗai take taka kwalta sosai, sai ka ga tsakiyar ta cinye alhali gefunan suna nan da zanensu, riƙon hanya kuma ya ragu, musamman lokacin damina.

Tsohon Direba:
Na yarda da bakanike, amma ina roƙon kada tsoron yawan iska ya kai ka ga ƙarancinta, domin ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari a doguwar hanya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi, zafi ya yi ta taruwa a cikinta har ta fashe ana tsakiyar gudu. Wannan ne ma ya sa masu faci da yawa suke ƙarawa, don sun saba da motocin haya masu lodi fiye da kima, kuma a ganina ba mugunta ba ce.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin awo. Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, wato motar da ta yi aƙalla awa uku a ajiye, shi ya sa sassafe ya fi dacewa. Bayan tafiya a zafin Afrilu, awon yakan hau da huɗu ko biyar, kuma duk wanda ya sace iskar a Kwanar Dangora don ya ga ta ƙaru, washegari zai tarar iskar tayarsa ta yi ƙasa da yadda ya kamata. Da hunturu kuma awon yana sauka, kusan PSI ɗaya a duk digiri biyar ko shida na sanyi.

Maman Hanan:
Game da wanda za ka gaskata, mai yiwuwa ne babu wanda ya yi maka ƙarya, gejinsu ne bai daidaita ba. Gejin da yake faɗuwa ƙasa kullum, ƙura tana shigarsa, ba a taɓa gwada shi da wani ba, yana iya kuskure mai yawa. Ka sayi naka a shagon kayan mota ka ajiye a cikin motar, sannan ka riƙa faɗa wa mai faci lambar da kake so, ka auna a gabansa bayan ya gama. Wanda ya karɓi hakan ba tare da ɓacin rai ba, shi ne zan ci gaba da kai wa motata. Ka kuma lura da ma'aunin da kake karantawa, domin wasu gejin suna nuna wani ma'auni mai suna bar, inda 2.2 yake daidai da kusan PSI 32.

Mai Corolla:
Na gode ƙwarai. Na duba ƙofar da safen nan, na ga 32 gaba da baya. Shin safayar da ke cikin but ita ma haka zan sa mata?

Bakanike daga Zariya:
Idan girmanta ɗaya da sauran, ka sa mata 32. Idan kuwa siririyar nan ce ta wucin gadi, yawanci 60 take buƙata, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Ka auna ta kafin ku kama hanya, domin ko ba a taɓa taya ba tana rage iska kaɗan-kaɗan kowane wata.